Kujerar roba, ta kafinta, ta ofis ko tabarma: wacce ta dace da mai aikin kwamfuta?

Ka leƙa shagunan buga takardu da ke kewayen babbar kasuwar Garwa, ko ɗakunan ɗalibai a Dang inda jami'ar Ngaundere take, ko ƙananan ofisoshi a Marwa da Kusseri. Kusan zama iri ɗaya za ka tarar: dogon tebur na katako, kujerar roba irin ta gidan biki, laftof a kan tebur, mai aiki ya miƙa haɓa gaba kamar kunkuru ya leƙo daga ƙoƙonsa. Kafin la'asar wuya ya ƙage, tsakanin kafaɗu na zafi, ƙugu ya riƙe. Wasu su ce basir ne, wasu su ce sanyi ne ya kama su, a yi ta shan jiƙo. Wanda kuma ya gane daga zama ne, abu na farko da yake tunani shi ne ya tara kuɗi ya sayi ƙatuwar kujera mai juyawa irin ta manyan ofisoshi. Sau da yawa a nan kuɗin ke tafiya a banza, domin ba a auna jikin da zai zauna a kanta ba, kuma teburin da fuskar kwamfutar suna nan yadda suke.

Awo kafin ciniki

Ari tef ɗin tela, ka sa wani ya taimake ka. Zauna a kan benci mai tauri, sanye da takalmin da kake aiki da shi, tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa. A auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa: wannan shi ne tsayin kujerarka, kuma ga yawancin manya yana faɗawa tsakanin santimita 38 da 46. Sai ka saki kafaɗu, ka lanƙwasa hannu kamar za ka karɓi faranti, a auna daga saman bencin zuwa gwiwar hannu. Akasari 18 zuwa 28 ne. In ka haɗa awon farko da na biyu, ka sami tsayin da madannan kibod ya kamata su kasance. Na uku, daga saman bencin zuwa ido; in ka haɗa shi da na farko, ka sami tsayin idonka daga ƙasa, wanda za a daidaita fuskar kwamfuta da shi. Na huɗu, daga ƙarshen mazaunai zuwa bayan gwiwa, a cire santimita 5, ka sami zurfin kujera.

Ɗauki misalin mai tsayin mita 1.70. Kujerarsa za ta kama wajen 43, gwiwar hannunsa wajen 23 daga kujera, teburinsa ke nan 66, idonsa kuma wajen 120 daga ƙasa. To amma teburin da kafinta ke yi in ba a ba shi awo ba, da wanda ake sayarwa haɗaɗɗe, 72 zuwa 75 ne. Tsayin rubutu da alƙalami ne, tun kafin kwamfuta ta shigo. Bambancin santimita 6 zuwa 9 ɗin nan kafaɗa ce ke biyan sa, domin sai ta ɗaga sama yini guda kafin yatsu su kai ga madannai. Mace mai tsayin 1.58 kuwa, abin ya fi haka muni.

Fuskar kwamfuta ce ta fi gaggawa

Laftof na da aibi guda wanda babu kujerar da za ta gyara: fuska da kibod a manne suke. In ka sa shi daidai hannu, ya yi wa ido ƙasa. In ka ɗaga shi daidai ido, hannu ba zai kai ba. Laftof mai inci 14 a kan tebur mai 75, saman fuskarsa bai wuce 97 daga ƙasa ba, alhali idon mutumin misalinmu yana 120. Dole kai ya sunkuya. Kan baligi ya kai kilo 5. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafi a 2014 cewa in kai ya sunkuya digiri 15 nauyin da wuya ke ɗauka yana kai kilo 12, a digiri 30 kilo 18, a digiri 60 kilo 27. Lissafi ne na takarda, amma wanda ya wuni a gaban laftof ya san akwai gaskiya a ciki.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Mafi araha ita ce ka ɗaga laftof ɗin, ka sayi kibod da maus na daban. Ba lallai sai ka sayi madauki na ƙarfe ba: rim ɗaya na takardar A4, mai ganye 500, kaurinsa wajen santimita 5 ne, saboda haka rim huɗu sun ba ka 20. Kafinta ma zai iya haɗa maka ɗan akwati da ragowar katako, sai dai a huda samansa don iska ta riƙa ratsawa, musamman a Maris da Afrilu lokacin da zafin Garwa da Njamena ke haura digiri 40. Ƙa'idar ita ce layin farko na rubutu ya zo daidai ido ko ƙasa kaɗan, nisan fuskar kuma wajen tsawon hannunka, santimita 50 zuwa 70. Mai tabarau mai gida biyu, wanda ke karatu ta ƙasan gilashi, ya sauke fuskar ƙasa da haka, in ba haka ba zai riƙa ɗaga haɓa, ƙeya ta yi ciwo.

Hanya ta biyu ita ce ka ƙara babbar fuska ta daban, inci 22 ko 24, ka jona ta da laftof. Ga mai lissafi a Excel ko mai tsara takardu ta fi ta farko nesa ba kusa ba, tunda rubutu ya girma, ba sai an matso da kai ba. Matsalarta wuta: da an ɗauke, ka koma ƙaramar fuska. Ta uku ita ce kwamfutar tebur gaba ɗaya, wadda ta fi duka sauƙin daidaitawa da jiki, amma ba ta da batir. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma in ruwa ya ja baya ɗauke wuta kan yawaita. Wanda ba shi da sola, janareta ko na'urar ajiyar wuta, hanya ta farko ta fi masa.

Wajen sayen kibod akwai wani tarko da ya shafi yankin nan musamman. Laftof ɗin da ke shigowa daga kasuwannin Najeriya yawanci tsarin jerin haruffa na QWERTY gare su, shagunan Kamaru da Chadi kuma sun fi sayar da AZERTY na Faransanci, inda A ta canza wuri da Q, Z ta canza da W, M ta koma gefen L, lambobin sama kuma sai an danne Shift. Wanda hannunsa ya saba da ɗaya ya koma ɗaya, ido zai riƙa sauka kan madannai kowane daƙiƙa, sunkuyon da aka gudu ya dawo ta bayan gida. Sayi tsarin da yatsunka suka sani, ka daidaita shi a cikin Windows. Ƙananan ƙafafun nan biyu da ke bayan kibod, bar su a naɗe. Ɗaga su yana lanƙwasa wuyan hannu zuwa sama. In ba aikin lambobi kake yi ba, kibod marar sashen lambobi a dama ya fi, domin maus zai matso kusa da jiki, kafaɗar dama ta huta.

Kujerar roba

Ita ce ke ko'ina, kuma ba a yi ta don aiki ba. An yi ta ne don a kishingiɗa a ji wa'azi ko a ci shinkafar biki. Mazauninta ya karkata baya, ya kuma yi kwari, sai ƙugu ya sulale ciki, ƙasan baya ya lanƙwashe kamar baka. Hannuwanta suna cin karo da bakin tebur, ba za ka iya matsowa ba, dole ka zauna a bakin kujera ko ka miƙa hannu. Wadda rana ta dafa kuma ƙafafunta kan buɗe a kan siminti mai santsi.

Duk da haka ana iya rage illarta. Nemi marar hannuwa. Sa matashi mai tauri na wajen santimita 5, mai ɗan kauri ta baya don ya cike kwarin. Naɗe tawul ya yi kaurin santimita 8 zuwa 10, ka ɗaure shi da igiya a jikin majingina daidai inda ɗamara ko mazagin wando ke zama. Dabarar ɗora kujera biyu a kan juna tana ƙara tsayi da ƙarfi, sai dai in ƙafa ta bar ƙasa a sa mata abin takawa. Da waɗannan gyare-gyare za ta ɗauki aikin awa biyu zuwa uku a rana. Fiye da haka, haƙuri ne kawai.

Kujerar kafinta

A nan ne ake samun riba mafi yawa a kan kuɗi kaɗan, da sharaɗin kai ne za ka ba da awo. In ka ce wa kafinta kawai "Malam, a yi mini kujerar aiki", kujerar cin abinci zai yi maka: mazauni mai tsayin 45 ko 46, majingina a miƙe ƙyam kamar bango, soso mai laushi a lulluɓe da leda mai sheƙi. Rubuta masa lambobinka a takarda. Tsayin mazauni shi ne awonka na farko, kuma a lissafa da soson bayan ya lotse, ba katakon kaɗai ba. Zurfi awonka na huɗu, yadda yatsu biyu ko uku za su shiga tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. Ga mutane da yawa 40 zuwa 42 ne. Faɗi 45. Bakin gaba a goge shi ya yi zagaye, don kada ya danne jijiyoyin ƙarƙashin cinya ƙafa ta riƙa yin sanyi.

Majingina ita ce wurin da ake samun saɓani. Ana so ta karkata baya digiri 10 zuwa 15. Kada ka yi masa maganar digiri. Ka ce masa: in tsayin majinginar 50 ne, samanta ya koma baya da santimita 9 zuwa 13 a kan ƙasanta. Sannan a yi mata ɗan tudu na soso wanda tsakiyarsa ke wajen santimita 18 zuwa 22 daga mazauni, shi ne zai tallafi lanƙwasar ƙasan baya. Kafin a buga ƙusa ta ƙarshe, je ka zauna a kai a shagon, a matsar da tudun sama ko ƙasa har ka ji ya zauna a ƙugunka.

Soson ya zama mai tauri, wanda in ka matsa da tafin hannu ba za ka taɓa katako ba. Kaurin santimita 5 ya isa. Mai laushi yana da daɗi mako biyu, daga nan ya zama tabarma. A lulluɓe da yadin auduga mai kauri wanda za a iya cirewa a wanke, domin leda a zafin Marwa gumi take tarawa, sannan ta tsattsage. Katako kuma madaci ko jan katakon da ake kawowa daga kudu. Farin nan marar nauyi gara na son sa, gaɓoɓinsa kuma na saurin sakewa. Hannuwa ba dole ba ne. In za a yi, su zama gajeru, kada su hana kujerar shiga ƙarƙashin tebur.

Rauninta biyu. Ta mutum ɗaya ce, don haka shagon da ma'aikata uku ke karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya ba za ta yi musu daidai su duka ba. Kuma ba ta motsi, sai kai ka tuna ka motsa.

Kujerar ofis mai juyawa

Iri biyu ce, kuma mutane sun fi son wadda ba ta dace ba. Akwai ƙatuwar nan mai doguwar majingina da fatar roba baƙa, wadda ke sa baƙo ya san ya shigo wurin mai gida. Kyan ɗan maciji gare ta. An yi ta don jingina da amsa waya. Mazauninta ya cika zurfi, gajeren mutum in ya jingina ƙafarsa ta yi lilo, in ya taka ƙasa bayansa ya bar majingina. Hannuwanta a kafe suke, kuma fatar kan fara ɓarewa bayan 'yan lokutan zafi. Ɗayar ita ce ƙaramar kujerar masu buga rubutu, mai majinginar raga ko yadi, wadda ake ɗaga ta a sauke. Ita ce kujerar aiki, kuma ita kaɗai ce a cikin huɗun nan da mutane da yawa za su iya rabawa, kowa ya daidaita ta da jikinsa.

Mai ƙarko ta gwanjo ta fi sabuwa mai araha, amma sai an gwada. Ƙirga ƙafafunta: biyar, ba huɗu ba, mai huɗu na saurin kifewa. Juya ta ka duba gindin ko akwai tsaga, na ƙarfe ya fi na roba. Ɗaga ta har ƙarshe, ka zauna minti goma kana ciniki. In ka ga tana sauka a hankali, silindar iskar da ke tsakiya ta gaji. Girgiza jiki hagu da dama ka ji ko farantin ƙarƙashi na lilo. Gwada makullin majingina ko yana riƙewa. Tabbatar tana sauka har awonka na farko, domin wasu ba sa ƙasa da 45. Duba ko hannuwan da kusoshi aka ɗaure su, yadda za a iya cire su in suna hana ka matsowa.

Silindar da ta gaji ba ƙarshen kujera ba ne. Yawancinsu girmansu ɗaya, ana canzawa. In ba a samu ba, a yanka bututun roba na famfo daidai tsayin da kake so, a tsaga shi ta gefe, a sa shi a jikin sandar mai sheƙi; kujerar ta daina sauka, sai dai ta daina daidaituwa. Abin da ba a yi shi ne kai ta wurin mai walda. Iska ce a matse a cikin silindar, zafi ko yanka na iya fasa ta. Tayoyin kuma ƙurar hunturu da zare na cushe su, sai a riƙa cire su ana gogewa. Mai babbar riga ko doguwar abaya ya tattare gefenta kafin ya zauna, taya na cin yadi.

Tabarma

Kada a raina ta. Wanda ya tashi yana zaman ƙasa, ƙugunsa da gwiwoyinsa sun saba, kuma a tabarma mutum kan canza zama da kansa: ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe ta, ya durƙusa. Wannan alheri ne da kujera ba ta bayarwa. Illar tana zuwa ne in aka ɗora laftof a cinya: kai ya sunkuya sosai, ƙasan baya ya lanƙwashe, zane ko riga ya toshe ƙofofin iskar na'urar ta yi zafi, zafin kuma in ya daɗe yana iya barin tabo a fatar cinya. In a ƙasa za a yi, a zauna a kan matashi mai tauri na santimita 8 zuwa 12 don ƙugu ya fi gwiwa tsayi, a jingina da bango, a sa laftof a kan ɗan tebur mai tsayin 30 zuwa 35. Ya yi daidai da karatu, kallon darasi ko amsa saƙonni na awa ɗaya. Buga shafi talatin kuwa, a koma tebur.

Tebur: a yanke ko a bari?

In teburinka ya yi tsayi, zaɓi biyu ne. Ko dai ka ɗaga kujera ka sa abin taka ƙafa, ko ka rage ƙafafun teburin. Mutumin misalinmu a tebur mai 75 zai buƙaci kujera mai wajen 53 da matakin ƙafa na santimita 10. A takarda abin ya yi. A zahiri, teburin kafinta kan zo da durowa a tsakiya ko faffaɗan katako a ƙarƙashin bakinsa wanda ke cinye santimita 12 zuwa 14, sai sararin ƙafa ya rage wajen 61, alhali saman cinyarsa ya kai 67. Ba za ta shiga ba. Shi ya sa zarto ya fi sauƙi: a rage ƙafafun da santimita 8 ko 9, a cire durowar tsakiya ko a mayar da ita gefe. In sabo za a yi, zurfinsa ya kai 70 don fuska ta sami nisa, bakinsa kuma a goge kaifin, tunda a nan ake ɗora wuyan hannu.

To wanne za a fara saya? Mai aikin awa biyu ko uku a rana ya tsaya a kan rim huɗu, kibod, maus da gyararriyar kujerar roba. Mai wuni a kan kwamfutarsa shi kaɗai ya ƙara da yanke tebur da kujerar kafinta a kan awonsa. Shagon da ake karɓa-karɓa ya sayi ƙaramar kujerar ofis mai ɗagawa, ya ajiye matakin ƙafa don gajeru. A kowane hali kibod da maus ne farko, kujera ta biyo baya, kuma kuɗinsu bai kai na kujera ba.

Ko wacce ka zaɓa, zama wuri ɗaya na tsawon lokaci shi kansa yana gajiyar da baya. Tashi sallar azahar da la'asar na taimakawa, amma daga takwas na safe zuwa ɗaya na rana awa biyar ne. Tashi kowane minti 30 zuwa 45, ko na minti biyu ne. Ajiye na'urar buga takarda da butar ruwan sha nesa da hannunka, dole ta sa ka miƙe. Ido ma na da nasa: mai kallon fuska yana rage ƙifta ido sosai, busasshiyar iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ta ƙara, fanka mai hura maka iska a ido ta ƙarasa. Juya fankar ta bugi gefen jiki. Kowane minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Taga ko ƙofar shago ta kasance a gefenka. In tana bayanka haske zai faɗa kan fuskar ka riƙa karkata kai, in tana gabanka ido zai yi ta fama da hasken waje. In rubutu ya yi ƙanƙanta, danna Ctrl da alamar ƙari maimakon matso da kai.

Ciwon da zama ya kawo yakan yi sauƙi cikin 'yan makonni bayan gyara. Akwai wanda ba a jira. Jin yatsu kamar ana tsira allura, musamman babban yatsa, manuniya da na tsakiya, har ya tashe ka da dare, alama ce ta jijiyar da ke matsuwa a wuyan hannu. In ƙaramin yatsa ne da rabin na kusa da shi, a duba gwiwar hannun da ake dannawa a kan tebur ko hannun kujera. Waɗannan a kai su asibiti in sun ƙi tafiya. Ciwon bayan da ke sauka har ƙasan gwiwa tare da raunin ƙafa, ko ciwon baya da zazzaɓi da rama, a ga likita ba da ɓata lokaci ba. In kuma tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba ba da saninka ba, a ranar za a tafi.